Labarin Kamfanin Da Aka Ba Amanar Jiragen Ƙasa A Birnin Buenos Aires

Can cikin Amurka ta Kudu akwai wata ƙasa ana ce da ita Ajantina, babban birninta kuwa shi ne Buenos Aires, a bakin wani makeken kogi mai zuba cikin Tekun Atlantika. Mutanen da ke zaune cikin birnin da garuruwan da ke kewaye da shi sun fi miliyan 13. Da yawa daga cikin ma'aikata da leburori ba su da halin kama ɗaki a tsakiyar gari, saboda haka a bayan gari suke kwana, kullum da sassafe su shiga jirgin ƙasa su tafi wajen aiki, da magariba su komo. Wanda duk ya riƙe waɗannan jirage, to, ya riƙe abincin talakawa, ya kuma riƙe rayukansu. Wannan labarin wani kamfani ne da aka danƙa wa wannan amana har shekara 17, sunansa Trenes de Buenos Aires, ana taƙaita shi da TBA.

Tun kafin a haifi kamfanin, hanyar da ya gada ta sha sake iyayengiji. A shekarar 1857 waɗansu attajiran birnin suka gama kai suka shimfiɗa layin dogo na fari a ƙasar, tsawonsa wajen mil 6 kurum, ya nufi yamma. A 1863 hukumar lardi ta karɓe shi. A 1890, da bashi ya yi wa hukumar katutu, sai ta sayar da shi ga wani kamfanin Ingila. Turawan nan su ne suka sa wa hanyar lantarki a 1923, tun daga tashar Onse da ke cikin birni har garin Moreno, tafiyar wajen mil 22. Onse kuwa da harshen mutanen ƙasar ma'anarta goma sha ɗaya, don tunawa da ranar 11 ga Satumba, 1852.

A ranar 1 ga Maris, 1948, Shugaba Juan Peron ya karɓi hanyoyin jirgin da ke hannun Ingilishi, bayan an yi ciniki a kan fam miliyan 150. Aka yi ta murna, aka raɗa wa kowace hanya sunan wani babban mutum na ƙasar. Ta yamma aka ce da ita Sarmiento, wata kuma wadda ke tashi daga tashar Retiro ta nufi arewa aka ce da ita Mitre, dukansu biyu sunayen shugabannin dā ne. Amma da shekaru suka yi nisa sai reluwe ta riƙa cin kuɗin baitulmali, gyara ya yi ƙaranci, motoci suka janye fasinja da kaya, har aka riƙa yayata cewa asarar da take jawowa ta kai dala miliyan ɗaya kowace rana.

Da Carlos Menem ya hau mulki a 1989 sai ya sa aka kafa dokar miƙa ma'aikatun Gwamnati ga 'yan kasuwa. Jiragen da ke zuwa larduna masu nisa aka dakatar da yawancinsu, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Na kewayen birni kuwa aka kasa su kashi kashi aka ba da haya. Ga yadda sharaɗin yake: layin dogo da tashoshi da taragai duk na Gwamnati ne, kamfani shi ke tafiyar da jirage, ya sayar da tikiti, ya kula da gyara. Da yake kuɗin tikiti ba ya isa, Gwamnati za ta riƙa ba da gudummawa, wanda kuwa ya nemi gudummawa mafi ƙanƙanta shi ake ba hanyar.

Ta haka Sarmiento da Mitre suka faɗa hannun TBA cikin watan Mayu na 1995. Masu ƙarfi a cikin kamfanin su ne wata ƙungiya ta masu motocin bas, ana ce da ita Cometrans, jagabanninta kuwa 'yan gidan Cirigliano ne. Watau dai mutanen da sana'arsu ke gasa da jirgi su aka ba jirgi. Ban da wannan kuma suna da wata ma'aikata mai suna Emfer inda ake gyaran taragai, saboda haka kuɗin gyara in ya fita ta wannan aljihu sai ya shiga ta wancan.

Da fari abin ya yi armashi. Aka share tashoshi, aka shafa wa taragai fenti, jirage suka riƙa tashi a kan lokaci, aka matsa wa masu shiga ba tikiti, yawan fasinjan da ke biya ya ƙaru ƙwarai. A lokacin kuwa doka ta ɗaure kuɗin ƙasar, watau feso, daidai da dalar Amurka, sayen kayan gyara daga waje bai yi wuya ba.

Daɗin bai daɗe ba. A ƙarshen 2001 tattalin arzikin Ajantina ya durƙushe, aka hana mutane kwasar kuɗinsu daga banki, a farkon 2002 kuma aka kwance feso daga dala, darajarsa ta zube. Gwamnati ta ga talakawa ba za su iya biyan ƙari ba, sai ta hana ƙara kuɗin tikiti, ta sassauta wa kamfanoni sharuɗɗan ayyukan da suka yi alkawari, ta ɗauki nauyin cike giɓi daga baitulmali. Shekara bi shekara gudummawar nan tana hauhawa, har ta fi abin da ake samu daga tikiti nesa ba kusa ba.

A nan ne tushen ɓarnar yake. Muddin abincin kamfani na fitowa daga hannun fasinja, tilas ya nemi yardar fasinja. Amma da ya zamana daga ofishin Minista yake fitowa, sai yardar Minista kaɗai ake nema. Jirgi ya zo da wuri ko ya makara, taga ta rufu ko ta ƙi, kuɗin wata na nan tafe. Taragan da ke bin hanyar Sarmiento kuwa tsofaffi ne, ƙirar Japan, sun kai shekara hamsin suna aiki. Safe da yamma mutane na cushe ciki kamar buhuna, waɗansu na rataye a bakin ƙofa tana buɗe.

Ba a rasa masu gargaɗi ba. Ma'aikatan jirgi sun yi ta kuka. A watan Nuwamba na 2005 fasinjan da haƙurinsu ya ƙare suka cinna wa taragai wuta a tashar Haedo. A 2008 ofishin masu binciken asusun ƙasa ya fitar da rahoto yana nuna TBA ba ya cika sharuɗɗan gyara, hukumar da aka ɗora wa duba shi kuma ba ta tsawata masa yadda ya kamata. Wani kamfani mai suna Metropolitano an ƙwace masa hanyoyinsa a 2004 da 2007 saboda irin wannan sakaci, amma TBA aka bar shi. A ranar 13 ga Satumba, 2011, wata bas ta ƙetare shingen da ke tare hanya a unguwar Flores, jirgi ya banke ta, mutum 11 suka mutu.

Ran Laraba, 22 ga Fabrairu, 2012, wajen ƙarfe 8 da rabi na safe, wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 1,200 ya shigo tashar Onse, bai tsaya ba, ya je ya daki ƙarfen ƙarshen layi. Gudunsa bai wuce wajen mil 12 a sa'a ba, amma duk da haka tarago na biyu ya kutsa cikin na fari kusan ƙafa 20. Taragan gaba kuwa su suka fi cika, gama kowa so yake ya riga fita don kada ya makara wajen aiki. Mutum 51 suka rasu, cikinsu har da mai juna biyu, fiye da 700 suka yi rauni. Gawar ƙarshe, ta wani saurayi, sai bayan kwana biyu aka same ta cikin tarago, alhali iyayensa na ta yawon asibitoci da hotonsa.

A ranar 24 ga Mayu na wannan shekara Gwamnatin Shugaba Cristina Kirchner ta soke yarjejeniyar TBA. Aka ba waɗansu kamfanoni biyu riƙon ƙwarya, amma da aka sake yin karo a Castelar cikin Yunin 2013, mutum 3 suka mutu, wani jirgi kuma ya sake dukan ƙarshen layi a Onse cikin Oktoba, sai Gwamnati ta karɓi hanyar Sarmiento da kanta. A 2014 aka kawo sababbin taragai daga ƙasar Sin. Abin da aka shekara goma ana cewa babu halinsa, ga shi an yi shi cikin shekara biyu, bayan an binne mutane.

Dangin mamatan ba su yarda a rufe maganar ba, suka yi ta taruwa a tashar suna neman shari'a. A ranar 29 ga Disamba, 2015, kotu ta sami mutum 21 da laifi. Claudio Cirigliano aka ɗaure shi shekara 9. Tsofaffin sakatarorin sufuri biyu, Juan Pablo Schiavi da Ricardo Jaime, aka ba su shekara 8 da shekara 6, direban jirgin kuwa shekara 3 da rabi. Alƙalai suka ce direba ya yi sakaci wajen birki, amma rashin gyara shi ya tsananta ɓarnar, kuɗin da aka karɓa daga baitulmali kuma ba a kashe su inda ya kamata ba. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da laifin manyan, ko da yake ta rage wa waɗansu shekaru. A wannan shekara kuma aka yanke wa tsohon Minista Julio De Vido shekara 5 da wata 8 saboda zambatar Gwamnati.

Masu hikima sun ce, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Kamfanin ya ci lada ya ƙi askin, wanda aka sa ya duba shi kuma ya kau da kai. Hanyar nan ta yi zama hannun attajiran gida, da hukumar lardi, da Ingilishi, da Gwamnati, da TBA, ta kuma komo hannun Gwamnati. Hukuma tana da ikon ba da hayar jirgi, amma alhakin rayukan da ke cikinsa yana nan wuyanta, ko wa ke sayar da tikiti.

Maganar ba ta ƙare ba tukuna, gama a 2024 majalisar ƙasar ta amince da wata doka ta Shugaba Javier Milei wadda ta sa kamfanin Gwamnati mai tafiyar da jiragen fasinja cikin waɗanda za a iya miƙa wa 'yan kasuwa. Wanda duk zai karɓa, abin tambaya shi ne wa zai duba shi, kuma ko mai dubawar zai iya ce masa a'a.

Allah ya tsare matafiya, ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin.