Markus Mai Linjila: Tafintan da Ya Mai da Wa'azi Littafi

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a duba rayuwar Markus, ɗaya daga cikin mutum huɗu da Kirista suke danganta wa littattafan Linjila, da kuma littafin da yake ɗauke da sunansa. Sauran ukun su ne Matiyu da Luka da Yahaya. Abin da zai ja hankalin ɗalibin adabi ga Markus shi ne, littafinsa daga baka ya faro, kuma har yau alamun baka ba su gushe daga cikinsa ba.

Markus ba ya cikin almajirai goma sha biyu na Yesu Almasihu, wato Annabi Isa a bakin Musulmi. Littafin Ayyukan Manzanni ya ambaci wani Yahaya Markus, wanda mabiyan farko sukan taru a gidan uwarsa a Urushalima. Ya bi Bulus da Barnaba yawon wa'azi, amma da suka kai Farga, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, sai ya juyo gida. Wannan ta sa Bulus ya ƙi sake tafiya da shi, har suka raba hanya da Barnaba, wanda ya ɗauki Markus suka nufi tsibirin Kubrus.

Shaida mafi daɗewa game da littafin ta fito ne daga Fafiyas, shugaban cocin Hirafolis a farkon ƙarni na 2. A cewarsa, Markus tafintan Bitrus ne, bai taɓa jin Almasihu da kunnensa ba, abin da ya tuna daga wa'azin Bitrus shi ya rubuta, ba kuwa bi da bi ba. Masana na zamani suna ja da baya kaɗan a nan, domin littafin bai faɗi sunan marubucinsa ba. Galibinsu suna ganin an rubuta shi wajen shekara ta 70.

Ko ma wane ne, salonsa na mai ba da labari ne a gaban jama'a. Girkancinsa na kasuwa ne, ba na malamai ba. Kalmar da ke nufin "nan da nan" ta fito fiye da sau 40 cikin babi 16 kacal, jimloli kuwa ɗinke suke da harafi guda, kamar yadda mai tatsuniya a wurinmu yake ɗinke zancensa da "sai". Yakan fara labari, ya yanke shi da wani, sa'an nan ya komo. Alal misali, labarin mace mai zubar jini a tsakiyar labarin 'yar Yayirus yake, mai sauraro yana can zuciyarsa rataye. Har ila yau, yakan kawo kalma da Aramaik, harshen da Almasihu ya yi magana da shi, ya bi ta da fassara, kuma yakan tsaya ya bayyana al'adun Yahudawa irin su wanke hannu kafin cin abinci. Wannan halin tafinta ne wanda ya san masu saurarensa baƙi ne.

To, wannan sauƙin shi ya jawo masa raini. Wajen shekara ta 400, Agustin na Hifo, a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ɗauke shi mai taƙaita Matiyu kawai, aka kuwa bi wannan ra'ayi fiye da shekara 1,000. Sai a ƙarni na 19 masanan Jamus suka juya zancen. Sun lura cewa kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ke cikin Markus yana cikin Matiyu, amma inda suka haɗu, Markus ne yakan fi tsawaitawa. Labarin mai aljanu da garken aladu aya 20 ne a Markus, 7 a Matiyu. Ina mai taƙaitawa zai fi na asali tsawo? A ganina wannan hujja tana da ƙarfi. Yau mafi yawan masana sun yarda Markus ne farko, Matiyu da Luka daga gare shi suka ɗiba, suna gyara harshe.

Ƙarshen littafin ma abin lura ne. A tsofaffin kwafe biyu na ƙarni na 4, ya tsaya a babi na 16, aya ta 8, inda mata suka gudu daga kabari cikin tsoro. Ayoyi 12 da ke biye, ana ganin wani hannu ne ya ƙara su.

Game da ƙarshen rayuwarsa kuwa, ruwayar Ƙibɗawan Masar ce madogara. Sun ce shi ya kafa cocinsu a Iskandariyya, kuma a nan aka kashe shi a shekara ta 68, bayan an ja shi da igiya a titunan gari. Saboda haka suke ƙirga shi waliyyi, kuma na farkon shugabanninsu. A 828 wasu fatake mutanen Banis, ta ƙasar Italiya, suka sace gawar da ake ce tasa ce. An ce sun rufe ta da naman alade don kada ma'aikatan tasha Musulmi su bincika. Banis ta gina masa babban coci, ta kuma ɗauki tambarinsa, zaki mai fukafukai, ya zama nata. A 1968 Fafaroma Bulus na 6 ya mayar wa Ƙibɗawa ɗan guntun ƙashi, aka ajiye shi a sabon cocin Markus da ke unguwar Abbasiyya a Alƙahira.