ABUBUWAN DA KE KAWO TAMOJI DA TSUFAR FATA

Tamoji, watau tattarewar fatar fuska, abu ne da ke zuwa wa kowane ɗan Adam idan shekaru suka ja. Amma likitoci sun tabbatar cewa akwai waɗansu abubuwa da ke gaggauta shi tun kafin lokacinsa.

A ƙarƙashin fata akwai waɗansu zaruruwa da ake kira kolajin da ilastin, su ne ke riƙe ta su ba ta danƙo. Yayin da mutum ke manyanta, jiki yakan rage ƙera su, sa'an nan fata ta saki. Ga mata kuwa, wannan raguwa takan ƙaru bayan ɗaukewar al'ada.

Bayan shekaru, babban dalili shi ne rana, domin haskenta yana ɗauke da wani tururi da ido ba ya gani, wanda ke tsinka waɗannan zaruruwa. A birnin Bauchi zafi yakan kusanci digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Saboda haka ya kamata manoma da 'yan kasuwar Wunti da ta Muda Lawal su riƙa sa malafa ko neman inuwa, musamman daga hantsi zuwa la'asar. Iskar hunturu kuma takan busar da fata, tamoji ya ƙara fitowa fili. Shafa man kaɗe bayan wanka yana rage wannan. Har ila yau shan taba yana taƙaita jinin da ke ciyar da fata.

Abin da ya fi damun hukuma shi ne man bilicin. Da yawa daga cikinsa yana ƙunshe da sinadarai masu haɗari, waɗanda ke rage baƙin da Allah Ya sa ya kare fata daga rana, su sirantar da ita. Mai ɗauke da zaiba kuwa har ƙoda yakan lalata. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya.

Ana jawo hankalin jama'a su guji duk man da ba shi da lambar rajistar NAFDAC. Wanda ya ga fatarsa tana ƙonewa, ko ta yi tabo, ko gyambon da ya ƙi warkewa, to ya hanzarta zuwa asibiti mafi kusa. Mazauna Bauchi suna iya ganin likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Rigakafi dai ya fi magani.