Bununin Itacen Sida a Lokacin Sanyi: Yadda Yanayi Ke Sakinsa da Yaɗa Shi

Duk manomin da ya taɓa ratsa gonar gero ko ta masara da hantsi, a lokacin da shuka ta fid da kai, ya san bununi. Shi ne garin nan mai ruwan ɗorawa da ke manne maka a riga, wanda idan babu shi zangarniya ba za ta yi ƙwaya ba. A wannan fitowa za mu kai ka jihar Teksas ta Amurka, inda bununin wani itace ke hana mutane sakat a kowane lokacin sanyi. Binciken da aka yi a kansa ya nuna ƙarara yadda yanayi ke sarrafa bununi, kuma akwai abin da malamin gona da manomi za su ɗauka daga ciki.

Wane itace ne wannan?

Mutanen yankin suna kiransa sidar dutse, masana tsirrai kuwa suna kiransa Juniperus ashei. Itace ne mai jure fari, ganyensa ba ya zuba, kuma ya fi yawa a tsaunukan tsakiyar Teksas, yamma da biranen Austin da San Antonio. Ana samunsa kuma a kudancin Oklahoma da arewacin Meziko. Kamar dabino, akwai namiji akwai mace. Macen tana yin 'ya'ya shuɗɗa ƙanana, namijin kuma yana fitar da ƙananan ƙunso a bakin rassansa, waɗanda bununi ke ciki. Iska ce kaɗai ke kai bununin wurin mace, don haka namijin ke yinsa da yawan gaske.

A da, gobarar daji ce ke tsare itacen a kwazazzabai da gangaren duwatsu. Da aka riƙa kashe gobara, dabbobi kuma suka cinye ciyawar da wuta ke bi, sai ya bazu ya mamaye makiyaya. Yawancin itatuwan yankin sai bazara suke fure, amma shi daga Disamba zuwa Fabrairu yake sakin nasa, abin ya fi tsanani a Janairu.

Yadda yanayi ke buɗe ƙunso

Ko da bununi ya nuna, ƙunson ba ya buɗewa sai ya bushe. Muddin akwai laima a iska, ko raɓa, ko yayyafi, a rufe yake zama. A lokacin sanyi, iska mai sanyi takan gangaro daga arewa ta ratsa Teksas jefi-jefi. Idan ta wuce, gari yakan washe, rana ta fito, iska ta bushe tana kaɗawa. A irin wannan rana itatuwa masu ɗimbin yawa kan buɗe ƙunsonsu kusan lokaci guda, har baƙo ya hango tsauni ya zaci hayaƙin gobara ne ke tashi.

Ruwan sama yana wanke bununin da ke yawo a sama, mutane su sami sararawa. Sai dai sararawar ba ta daɗewa, domin da zarar rana ta busar da rassa, ƙunson da suka yi jira sai su buɗe gaba ɗaya. Yanayin watannin baya ma yana da tasiri. Itacen da ya sha fari ba ya yin ƙunso kamar wanda ya ƙoshi da ruwa, kuma babban farin 2011 ya kashe itatuwa masu yawa a Teksas, har da na sida.

Nisan tafiyarsa

Ƙwayar bununin sida ƙarama ce ƙwarai, sai an jera kusan 50 kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Saboda rashin nauyinta, iska kan ɗaga ta sama ta yi nisa da ita. Inda za ta sauka ya danganta ga inda iska ta dosa. Iskar arewa maso yamma tana zuba wa San Antonio, ita kuwa iskar kudu tana kwasar bununin zuwa arewa. Masu bincike a Jami'ar Tulsa ta Oklahoma, ƙarƙashin Estelle Levetin, sun shafe shekaru suna kama shi a na'urorinsu, alhali itacen ba ya tsiro a birnin. A binciken da suka buga a 2017, sun tabbatar ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta cewa bununin da aka kama a garin London na lardin Ontario a Kanada, cikin Janairun 2014, na wannan itace ne. Tafiyar ta haura kilomita 2,000.

Wannan ba zai ba ka mamaki ba idan ka tuna cewa yawancin ƙurar hunturu da ke rufe mana gari daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa.

Haɗarinsa ga jama'a

Jikin wasu mutane ba ya jituwa da wannan bununi. Da sun shaƙe shi sai atishawa, yoyon hanci, ƙaiƙayin ido da maƙogwaro, da kasala. A can ana kiran ciwon zazzaɓin sida, ko da yake ba safai jiki ke yin zafi sosai ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Masu ciwon asma sun fi shiga haɗari. Da yake yana zuwa a lokacin mura, sau da yawa akan rikita su.

Sare itacen da ke ƙofar gida ba ya raba mutum da ciwon, tun da iska na kawo wani daga nesa. Share dajin baki ɗaya ma ba mafita ba ce: itacen na riƙe ƙasa a gangare, ana yin dirkokin shinge da shi, kuma akwai wani ƙaramin tsuntsu mai kunci ruwan zinariya da ke fuskantar ƙarewa, wanda da ɓawon tsofaffin itatuwan yake saƙa sheƙarsa. Saboda haka mutane suka koma ga lura da yanayi. Ana ƙidaya bununin da ke cikin iska a sanar da jama'a kullum. A ranakun bushewa da iska, masu lalurar kan rufe tagogi, su rage aikin waje ko su sa takunkumi, su kuma yi wanka su sauya tufafi idan sun dawo.

Darasi ga gonakinmu

Wannan itace ba ya tsiro a ƙasarmu, amma masara da gero iska ce ke ɗaukar bununinsu, kuma ƙa'idar ɗaya ce.

Na farko, masara tana sakin bununi ne da hantsi bayan raɓa ta bushe. Ƙwayarsa ta ninka ta sida kusan sau huɗu a faɗi, don haka yawancinsa a kusa yake faɗuwa, amma iska mai ƙarfi na iya kai shi gonar maƙwabci. Idan kana noman iri, ka bar tazarar mita 200 zuwa 400 tsakaninka da wata masarar, gwargwadon matsayin irin, ko ka raba lokacin shuka da mako uku zuwa huɗu. Ka lura kuma da ɓangaren da iska ta saba busowa.

Na biyu, zafin da ya haura digiri 35 tare da busasshiyar iska yana kashe bununin masara da wuri, sai ka ga zangarniya da giɓi. Mai noman rani ya tsara shukarsa don kada fid da kai ya faɗo a tsakiyar zafin Maris da Afrilu, kuma kada ya bari gona ta ji ƙishi a wannan mataki.

Na uku, malamin gona ya riƙa tambayar ma'aikata ko akwai wanda atishawa ko sarƙewar numfashi ke kamawa duk lokacin da ya shiga gona mai bununi. Irin wannan mutum a ba shi aikin sassafe kafin raɓa ta ɗauke, ya rufe hanci da baki, kuma idan numfashi ya fara yi masa wuya a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.