Ƙafar Direba da Rayuwar Kuloci

Idan kakar albasa da tafarnuwa ta kama a fadamun Wurno da Goronyo, hanyar da ta bi ta Achida zuwa Sakkwato ba ta rabuwa da motocin kaya. Ruwan madatsar Goronyo, wadda aka kammala a kan Gulbin Rima a 1984, ya bunƙasa noman rani, noman rani kuwa ya ƙara wa akori-kura da kanta da tsofaffin Fijo nauyi. Daga wajen Rabah ma hatsi da dabbobi ke fitowa. Da yawa daga cikin waɗannan motoci giyar hannu gare su, kuma kuloci na cikin sassan da suka fi kai su garejin bakanike.

Aikin kuloci shi ne haɗa inji da giya, da kuma raba su. A bayan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da shi. Jikinsa ake manna farantin kuloci, wanda aka lulluɓe fuskokinsa biyu da wani abu mai kaushi irin na takalmin birki, sannan wani murfi mai sifirin ya matse shi. Muddin ƙafa ba ta kan feda, sassan nan uku tare suke juyawa kamar abu guda, babu mai gugar wani. In an taka feda har ƙasa, wani ɗan boris ya danna sifirin, faranti ya saku. A nan ma guga kaɗan ce. Ɓarna tana tsakanin waɗannan halaye biyu, wato abin da direbobi ke kira rabin kuloci.

Duk ɗalibin da ya murza tafukansa da sanyin hunturu ya san gogayya na haifar da zafi. Tun cikin shekarun 1840 James Joule, masani ɗan Ingila, ya nuna cewa aikin da ya tafi a gogayya ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa. To, alal misali, a ɗauki akori-kura da ta kai kilo 2,000 har da kayanta, ta baro fadama tana hawa tudu, inda hanya ke ɗagawa mita 1 cikin kowace mita 10, sai ga garken shanu ya tare gabanta. Direba bai ja birki ba, ya riƙe ta da rabin kuloci da ɗan totur, inji na juyi 1,500 a minti. Motar ba ta gaba, ba ta baya, saboda haka duk ƙarfin da inji ke turawa a kan faranti yake ƙarewa. Lissafi ya nuna zafin zai kai wajen wat 7,000, kwatankwacin dutsen guga na lantarki guda bakwai, a kan farantin da bai wuce faifan rufe ƙwarya ba. Wannan ne asalin ƙaurin nan da fasinjoji kan ji a hawa. Fuskar farantin takan ƙone ta yi santsi, wani lokaci faifan ƙarfen kansa ya yi tabo ko ya tsattsage.

Akwai kuma ɗabi'ar tsayawa a shingen bincike ko a cunkoson kasuwar Achida, mota na giya ta ɗaya, feda na take a ƙasa. Wasu kan ce wannan ke cinye faranti, amma maganar ba daidai take ba ƙwarai. Boris ne ke ɗaukar wahalar, domin shi ke tokare da sifirin yana juyawa: inji mai juyi 800 a minti zai juya shi sau 4,000 cikin jiran minti biyar. Boris ba shi da tsada, sai dai ba a kaiwa gare shi sai an sauke giya ɗungum, kuɗin aiki ya ninka na kayan. Ga shi kuma ƙafa na gajiya, feda ta ɗan ɗago ba tare da direba ya sani ba, guga ta soma. Mai ɗora ƙafa a kan feda yana tafiya, don wai ya zauna cikin shiri, shi ma haka yake yi wa motarsa a hankali.

Maganin ba ya cin ko kwabo. In tsayuwa za ta wuce 'yan daƙiƙoƙi, a mayar da giya firi, a ɗage ƙafa, a ja birkin hannu. Yaron motar da ke dirowa ya sa wa taya weji a kan hawa ya fi direban da ke taƙama da iya riƙon rabin kuloci sanin kimiyya, ko da bai taɓa shiga aji ba.

Kuloci ba ya mutuwa bai yi gargaɗi ba. In aka taka totur a babbar giya inji ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba, faranti ya soma sulɓi. Ƙarar da ke tashi in an taka feda, ta ɗauke in an saki, ta boris ce. Wanda ya ƙi kula da waɗannan alamu yana iya kwana a daji da buhunan albasa da kasuwa ke jira, a yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, kamar harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021.

Yara masu koyon kanikanci su ma da nasu jan kunnen. An daɗe ana yin fuskar faranti da asbestos, ma'adinin da ƙurarsa ke jawo ciwon daji a huhu, har Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya a 2005. Baƙar ƙurar da ke cikin gidan kulocin tsohuwar mota ba a hure ta da baki, da jiƙaƙƙen tsumma ake share ta.