Kafinta da Aikin Samfefa: Ɗan Injin Guga Ya Cancanci Kuɗinsa?

Idan kaka ta yi, masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada suka shiga kasuwa, kuɗi kan zo hannun manoma, bukukuwan aure kuma su kankama. A lokacin kafintocin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ba sa samun sukuni. Wannan uba yana son gado da sif na 'yarsa, wancan magidanci yana son ƙofa da tagogi, makarantar Islamiyya kuma tana jiran benci. Duk wanda ya zo ɗaukar kayansa, kafin ya duba ƙarfin haɗi sai ya shafa tafin hannunsa a jikin katakon. Santsin da yake nema daga guga yake fitowa, ita kuwa guga tana cikin ayyukan da suka fi cin lokaci da ƙarfi a shago.

Aikin daga katako yake farawa. Dajin Falgore yana nan kusa, amma gandun gwamnati ne da doka ta hana sara a cikinsa. Saboda haka kafintoci da dama kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano suke zuwa, su ɗoro falanki a mota ta hanyar Zariya da Kwanar Dangora. Akwai afara da malaina masu laushi da sauƙin kuɗi, akwai maɗaci mai ja da nauyi, ga kuma allunan MDF da suka mamaye kayan ɗakin amare. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso a cikin lissafin kowane gado.

Ɗanyen katako sai an jingine shi a inuwa ya sha iska, in ba haka ba hunturu na zuwa ya tsage ko ya lanƙwashe a ɗakin amarya. Idan ya bushe, maigidan shago ya auna, ya ja layi, a yanka da zarto, a fere, a haɗa da gam da ƙusa. Ramukan ƙusa akan cike su da garin katako da aka kwaɓa da gam. Daga nan sai a miƙa wa yaran shago samfefa.

Samfefa lamba-lamba ce. Mai lamba 60 ko 80 kaushi gare ta, ita ke cinye sawun zarto. Mai 120 ta share zanen da ta farko ta bari, mai 180 ko 220 ta kawo santsi. Yaro kan naɗe ta a guntun katako ya bi tsawon jijiyar itace, don wanda ya gitta jijiya zanensa zai fito fili da zarar an shafa banish. Bayan shafin farko akan sake bi da mai laushi a hankali, sannan a yi feshin ƙarshe. A nan ake gane yaron da zai yi sana'a, domin mai gaggawa yakan tsallake lamba, kuma fenti ba ya rufa masa asiri.

To, ina matsayin ɗan injin guga da ake gani a shagunan kayan aiki na Sabon Garin Kano? Ƙarami ne, ƙasansa mai kusurwa uku kamar dutsen guga, yana karkarwa da sauri. An yi shi ne domin lungu: kusurwar cikin dirowa, tsakanin sandunan kujera, gefen firam ɗin madubi, da wuraren da babban inji ba ya shiga. Ba ya jan wuta sosai, don haka ƙaramin janareta ko sola na ɗaukarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garuruwan da wutar lantarki ba ta zama.

Sai dai yana da nasa cikas. A faffaɗan allo, kamar fuskar teburi ko ƙofa, jinkiri gare shi, kuma idan aka danna shi yakan bar kwari. Samfefarsa yankakkiya ce mai mannewa, ta fi ta falle tsada, tsininta ke fara cinyewa, kuma ba a kowace kasuwar ƙauye ake samunta ba. Idan ya lalace, gyaransa na iya kai mutum har Kano. Allon MDF mai rufi kuwa ba ya buƙatar guga sai a bakin yanka.

Saboda haka wanda yawancin aikinsa rufin gida ne, ko benci da ƙofofi, kuɗinsa ya fi amfani a injin guga mai faɗi, ko ƙarin katako. Wanda kuwa ya shahara da kujeru masu ado, gadaje masu sassaƙa, ko sabunta tsofaffin kayan ɗaki, ɗan injin zai rage masa awoyi a lokacin da aiki ya yi yawa, ya kuma hutar da yatsun yaransa.

Ribar kafinta ba ta da kauri. Yakan karɓi kafin alƙalami ya sayi kaya, farashi ya tashi kafin ya gama, ragowar kuɗin kuma wani lokaci sai bayan biki. A cikin abin da ya saura zai ciyar da yara, ya biya haya, ya sayi mai. Bayan batun kuɗi, ga kuma ƙura: tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar, inji kuma ya fi hannu tayar da ita.

Ɗan'uwa kafinta, kafin ka sayi ɗan injin nan, dubi irin aikin da ya fi zuwa shagonka, ka kuma tabbatar da inda za ka riƙa samun samfefarsa. In lungu ya yi yawa a aikinka, saya. In babu, riƙe kuɗinka. Ko ka saya ko ba ka saya ba, ka tanadar wa kanka da yaranka takunkumin rufe hanci.