Tsofaffin Gobe Suna Nan Tare da Mu

Duk wanda ya bi ta Rumde Ajiya a ranar da Coton Sport ke wasa zai ce Garwa garin samari ne. Masu babur, masu tallar ruwan sanyi, 'yan kallo da ke tururuwa zuwa filin ƙwallo, da wuya a ga mai furfura a cikinsu. Amma mu yi ɗan lissafi. Jaririn da aka haifa a 1990, shekarar da su Roger Milla suka girgiza duniya a gasar ƙwallo ta Italiya, zai cika shekara 60 a 2050. Ashe tsofaffin gobe suna nan tare da mu. Su ne ke tuƙa babur a yau, su ne ke noman auduga a Pitowa da Ngong, su ne mata masu goyo da ke cika benci a taron zumuntar mata.

Wane irin tsufa ne ke jiransu? Sanin gobe sai Allah. Amma akwai abubuwan da suka riga suka bayyana, kuma mai hankali yakan gyara rufin ɗakinsa tun hadari bai haɗo ba.

Tsofaffi za su yi yawa

Lokacin da Kamaru ta sami 'yancin kai a 1960, matsakaicin tsawon rai a ƙasar shekara 40 ne da 'yan kai, domin yara da yawa ba sa kai shekara biyar. Yau ya haura 60. Allurar rigakafi, gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro, haihuwa a asibiti da maganin cutar HIV sun ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Wannan abin godiya ne ga Allah.

A ƙidayar jama'a ta 2005, masu shekara 60 zuwa sama wajen 5 ne cikin kowane mutum 100 a Kamaru. Kason ƙarami ne, amma yawan kawunan yana ƙaruwa kowace shekara. Haka abin yake a ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 60 zuwa sama biliyan 1 ne a 2020, kuma za su kai biliyan 2.1 a 2050. Kashi 80 cikin 100 nasu za su kasance a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali irin tamu. Saboda haka ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 2021 zuwa 2030 domin neman tsufa cikin ƙoshin lafiya.

Tsawon rai baiwa ce. Abin tambaya shi ne, shekarun da aka ƙara mana, a tsaye za mu yi su ko a kwance?

Gida yana sauya kama

A dā tsoho ba ya tunanin wanda zai kula da shi. Gidan gandu ne: 'ya'ya maza da matansu da jikoki duk a shinge ɗaya, gona ɗaya, rumbu ɗaya. In ƙarfi ya ƙare, sai a koma gindin bishiya ana tufka igiya, ana sasanta rigima, tuwo kuma yana iso mutum har inda yake.

Yanzu fa? Tun shekarun 1970 jama'a ke gangarowa daga yankin Marwa da duwatsun Mandara zuwa kwarin Binuwai neman ƙasar noma, rikicin Boko Haram kuma ya ƙara koro wasu. Gonaki sun ƙanƙance, ƙasa ta gaji. Gonar da ta riƙe uba ɗaya ba za ta riƙe 'ya'ya shida ba. Sai samari su nufi Garwa, ko Gaundare, ko su hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde da Duwala. A birni kuwa ɗakin haya ne, ciki ɗaya, babu inda za a shimfiɗa wa Baba tabarma.

Ba a ce 'ya'yan yanzu ba su da tausayi ba. Da yawa suna aiko kuɗi ta Orange Money ko MTN duk ƙarshen wata, kuma wannan taimako ne babba. Sai dai waya ba ta ɗebo ruwa, ba ta juya mara lafiya a kan gado, ba ta lura cewa Inna kwana biyu ba ta ci abinci ba. Tsoho na gobe yana iya samun kuɗin cefane ya rasa mai dafawa.

Mata ne za su fi jin wannan sauyi. Mace takan fi namiji daɗewa a duniya, sau da yawa kuma mijinta ya girme ta da shekaru. Ke nan gwauraye mata za su yi yawa, wasu ba gona da sunansu, wasu kuma ga riƙon jikokin da iyayensu suka tafi birni ko suka rasu.

Cututtukan da ke zuwa a ɓoye

Zazzaɓi da gudawa sukan buga mutum a fili: ya kwanta, a yi magani, ya tashi. Cututtukan tsufa ba haka suke ba. Sukan shekara goma ko ashirin suna cin jiki mutum bai sani ba.

Hawan jini shi ne kan gaba. Yawanci ba ya ba da wata alama. Awo kaɗai ke nuna shi, kuma in awo ya riƙa kai 140/90 ko fiye, akwai matsala. In an bar shi, ƙarshensa shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko lalacewar ƙoda. Gishiri da dunƙulen magi da muke zubawa a miya suna ƙara shi. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 5 na gishiri a yini ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi da busasshen kifi. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kuwa, kullum zai sha. Jin sauƙi ba warkewa ba ne. In kuka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, ku kawo shi asibiti nan take. Ba jifa ba ne, ba iska ba ce.

Ciwon sukari yana ƙaruwa a garuruwanmu, inda tafiyar ƙafa ta ragu, shayi mai zaƙi da lemon kwalba suka yawaita. Alamunsa yawan ƙishirwa, yawan fitsari, rama, da gyambon da ya ƙi warkewa, musamman a ƙafa.

Ƙoda tana lalacewa ta hanyar waɗannan biyun, da kuma yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki na kasuwa ba da umarnin likita ba. Saurayin da ke haɗiyar tramol domin ya wuni a kan babur ko a gona, da mai wuni a kan bilbil da arki, bashi suke ci daga jikinsu, kuma da tsufa ake biya.

Yanar ido ita ce babbar mai makantar da tsofaffi, alhali tana da magani. Aiki ne na ƙasa da awa ɗaya: a kashe zafin wurin, a cire yanar, a sa sabon gilashi ƙarami a cikin idon. Ku guji masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yanar cikin ido da tsinke. Mutum yakan ga haske na ɗan lokaci, daga baya ido ya mutu gaba ɗaya. Tsoho ɗaya in ya makance, sau da yawa yaro ɗaya ne zai bar makaranta ya zama ɗan jagora.

Wahalar fitsari ga dattawa maza, yawan tashi da dare ko fitsari yana fita da ƙyar, ba abin kunya ba ne. A faɗa wa likita da wuri, kada a jira sai ya tsaya cik.

Gigin tsufa zai ƙara bayyana yayin da masu shekara 80 ke ƙaruwa. Tsohuwa ta manta sunan 'ya'yanta, ta fita da dare, ta yi ta magana ita kaɗai. Ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ba maita ba ce. Tsohuwar da aka kora daga gida saboda irin wannan zargi, an zalunce ta a lokacin da ta fi bukatar jinƙai.

Sai kuma zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, masana kuma sun tabbatar duniya ƙara ɗumi take yi. Jikin tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa, don haka ruwan jikinsa yakan ƙare bai ankara ba. A ajiye masa ruwa kusa, a tuna masa ya sha, a fitar da shi daga ɗakin kwano da tsakar rana.

Wa zai biya?

Ciwon da ake sha wa magani kullum, kuɗi yake ci kullum. Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani irin SODECOTON yana da fansho. Manomi, da mai babur, da mai tuyar ƙosai ba su da shi, kuma su ne mafi yawa.

Akwai ƙofofi biyu da ya kamata a sani. Ta farko, tun 2014 hukumar CNPS ta buɗe rajistar ganin dama ga masu aikin kansu. Mutum yana zuba wani abu gwargwadon samunsa, in ya cika shekara 60 kuma zubinsa ya kai na wata 180, wato shekara 15, tare da sauran sharuɗɗa, sai ya fara karɓar fansho. Mai shekara 30 ko 35 yana da isasshen lokaci. Ku je ofishinsu a Garwa ku nemi cikakken bayani.

Ta biyu, a watan Afrilu na 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin lafiya ga kowa, wanda ake kira CSU. Matakinsa na farko ya fi duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mata masu ciki, masu HIV da tarin fuka, da masu wankin ƙoda, waɗanda aka rage musu kuɗi zuwa sefa 15,000 a shekara. Ci gaba ne. Amma a wannan mataki, maganin hawan jini da na sukari mai ciwo ne ke saya. Har zuwa ranar da shirin zai faɗaɗa, dole gida ya yi tanadinsa.

Mun saba da adashi domin biki da kuɗin makaranta. Me zai hana a yi na lafiya? Ɗan abin da aka ware bayan an karɓi kuɗin auduga, ko akuya biyu da aka sa wa suna "na magani", sun fi sayar da gona a ranar da ciwo ya kayar da mai gida. Da yayyafi kogi kan cika. Magidanci kuma ya fayyace maganar gona da gida tun yana da rai, a gaban shaidu, a rubuce, domin kada a tayar da matarsa bayan ransa.

Aikin ikilisiya da unguwa

A Japan fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a sun haura shekara 65. Suna da gidajen kula da tsofaffi da na'urori iri-iri, duk da haka kaɗaici yana damun tsofaffinsu. Mu ba mu da kuɗinsu, amma muna da abin da kuɗi ba ya saya: gaisuwar safe, zumunci, da al'adar cewa tsohon wani tsohon kowa ne. In gidan gandu ya watse, sai ikilisiya da masallaci da unguwa su zama sabon gandu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga abin da kowace ikilisiya za ta iya farawa ba tare da jiran kowa ba. Dattawan ikilisiya su rubuta sunayen tsofaffin da ke zaune su kaɗai, Kirista da Musulmi, a raba su ga gidaje, kowane tsoho a san mai leƙa shi. A haɗa kuɗi a sayi na'urar awon jini mai batir, ma'aikacin lafiya ya koya wa mutum biyu amfani da ita, a riƙa awo bayan sujada sau ɗaya a wata. Matasa su ɗauki rana guda su yi wa gwauruwa noma ko su gyara mata rufi kafin damina. A taimaki mai jinya ma, domin surukar da ta shekara tana wanke mara lafiya ita ma tana bukatar hutun yini ɗaya. Ranar 1 ga Oktoba ita ce ranar tsofaffi ta duniya. Ana iya sa Lahadin da ke kusa da ita ta zama ta dattawa, su yi magana, yara su saurara.

Kada kuma a ɗauki tsoho a matsayin kaya. Da tsohuwar zuma ake magani. Su ne suka san iyakar gonaki, da irin dawar da ke jure fari, da yadda ake kashe wutar gaba tsakanin manomi da makiyayi. Tsohon da ake neman shawararsa, yake ɗan tattaki, yake cin abinci tare da jama'a, ya fi daɗewa da ƙarfinsa da hankalinsa. Littafi Mai Tsarki ya umarce mu mu girmama iyaye, maƙwabtanmu Musulmi ma haka addininsu ya koyar. Girmamawa kuwa ba durƙuso kaɗai ba ne, har da kai Baba awon ido da saya wa Inna maganinta kafin na hannunta ya ƙare.

Ga mai shekara 30 zuwa 50

Kai ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, ku ake nufi da wannan magana. Ku auna jininku aƙalla sau ɗaya a shekara ko da kuna jin garau. In kun haura 40, ku nemi awon sukari da na ido. Ku rage gishiri da magi da zaƙi, ku yawaita zogale, kuka, yakuwa da wake. Ku bar taba da giya da ƙwaya. Ku fara tanadi komai ƙanƙantarsa. Ku sa 'ya'yanku a makaranta, mata da maza, domin ba a san wanda zai riƙe gida ba. Sannan ku kula da tsofaffin da ke gabanku, domin yaranku suna kallo, kuma abin da suka ga kuna yi shi za su yi muku.

In kun zo asibiti, ko da rakiya kuka yi, ku ce wa ma'aikacin jinya ya auna ku. Minti biyar ya isa. Allah ya ba mu tsawon rai mai amfani, ya sa mu tsufa a kan ƙafafunmu. Amin.