Laifin Ba Na Katako Ba Ne

Duk lokacin da jirgin ruwa ya kife a Kogin Neja, kamar yadda ya faru kusa da Warra ta Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, inda mutane da dama suka rasa rayukansu, sai a sake ta da kiran a haramta jiragen katako. Kiran yana da daɗin ji, amma ya kauce wa tushen matsalar.

Katako ya daɗe yana ɗaukar mutanen wannan yanki. Kwale-kwalen Dufuna da aka gano a 1987, a yankin da yake Jihar Yobe a yau, ya kai shekara 8,000, kuma daga gungume guda aka sassaƙa shi. Da manyan itatuwa suka yi ƙaranci, sai maƙera jirgi suka koma haɗa faffaɗan katako da ƙusa, suna toshe tsakani da tsumma da kwalta. Nan rauni yake: ƙusa tana tsatsa, katako yana kumbura ya motse, ruwa ya sami kafa.

Akwai wata hanyar da ta daɗe a Amurka da Turai. Ana yanka katako siri-siri, faɗinsa kamar santimita 2, kaurinsa kamar milimita 6 idan ƙaramin kwale-kwale ne. Sai a jera sifofin jirgin a kife, a riƙa lanƙwasa siraran a kansu ɗaya bayan ɗaya, ana manne gefe da gefe da gam. Idan jikin ya rufu, a goge shi sumul, a lulluɓe ciki da waje da ƙyallen faiba da gam ɗin efoksi. Abin da ake samu jirgi ne mara nauyi, wanda ba ya yoyo, kuma ba sai an sare ƙaton maɗaci ba.

Gaskiya ne efoksi yana da tsada, aikin kuma na haƙuri ne. Haka nan babu ƙirar da za ta ceci jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima, ko aka tuƙa cikin dare ba rigunan kariya.

Duk da haka, kafintan Yauri ya riga ya san itace, ya san halin ruwa. Ya kamata Kwalejin Fasahar Kamun Kifi ta Tarayya da ke New Bussa da kwalejojin fasaha na jihohi su kai masa wannan ilimi har bakin kogi, gwamnati kuma ta sauƙaƙa kuɗin kayan. Haramci zai raba ƙauyuka da kasuwa da asibiti. Horo kuwa zai tsare sana'a, ya tsare rayuka.